An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Caroline van der Plas

Zuwa ga Uwargida Caroline van der Plas, 'yar majalisar wakilan ƙasar Holan, wadda ta kafa jam'iyyar manoma ta BBB.

Ranki ya daɗe,

 

Na san ba kya jin Hausa, kuma da wuya takardar nan ta iso teburinki a birnin Heg. Ba komai. Idan ba ta same ki ba, za ta sami mutanen garinmu, waɗanda suka san ƙasarki ko da ba su taɓa ganin taswirarta ba. Sun san ta a atamfar Holan da ake sawa a lefe, sun san ta a gwangwanin madarar Peak da mai shayi yake hudawa da asuba. Ni tsohon malamin gona ne, na yi shekara talatin ina yawo a kan babur tsakanin ƙauyukan Kano, kuma ɗan manomi ne jikan manomi. Iyakar izinin da nake da shi ke nan na sa baki a maganar da ba ta gidanmu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, na yarda. Sai dai wani lokacin mai wucewa ta waje shi ke hango inda jinka ta zame.

Na fara sanin sunanki a watan Maris na 2021. Wani yaro ya nuna mini hoto a waya, mace a kan tarakta ta nufi harabar majalisa, wai ta ci kujera ɗaya tilo a cikin 150. Ƙuri'arki dubu ɗari ce da 'yan kai. Sai da na ji kishi. A tsarinku ƙasar gaba ɗaya tamkar mazaɓa ɗaya ce, duk jam'iyyar da ta tattara kashi ɗaya cikin 150 na ƙuri'u ta sami wakili, ko da magoya bayanta a warwatse suke kamar tsabar da aka watsa wa kaji. A wurinmu manoma sun fi kowa yawa, amma ba su da jam'iyya ko ta rantsuwa. Doka ta ce sai jam'iyya ta buɗe hedikwata a Abuja, ta ɗauko shugabanninta daga kashi biyu cikin uku na jihohi, sannan ta je mazaɓa ta kara da masu buhunan kuɗi. A Fabrairun 2020 hukumar zaɓe ta soke rajistar jam'iyyu 74 a rana ɗaya. Shi ya sa na riƙa bin labarinki kamar yadda wanda bai haihu ba yake bin karatun ɗan maƙwabci.

Bari in faɗa wa masu karatu abin da ya haifi jam'iyyarki, ki gyara mini in na karkace. Holan ba ta kai tsohuwar Jihar Kano girma ba, kafin a cire Jigawa a 1991. A cikin wannan ɗan fili, a shekarar 2019, akwai mutum sama da miliyan 17, shanu kusan miliyan 4, aladu wajen miliyan 12, kaji kuma wajen miliyan 100. Duk abin da ya ci kuwa sai ya kasayar. Idan fitsarin saniya ya haɗu da kashinta, sinadarin amoniya ne ke tashi, iska ta kwashe shi ta sauke a dazuzzuka da fadamun da dokar Tarayyar Turai ta keɓe. Ƙasa ta yi tsami, ciyawa mai haɗama ta danne tsirran asali, har masu bincike suka tarar da tsuntsaye a dajin Veluwe suna yin ƙwai mai ɓawo marar ƙwari. Ranar 29 ga Mayu 2019 babbar kotun harkokin mulki, Raad van State, ta rushe tsarin da gwamnati take ba da lasisi da shi, domin tsarin yana ba da izinin ƙara gurɓatawa yau bisa alkawarin za a rage gobe. Cin bashi ne a kan gonar da ba a ko share ba. Dubban ayyukan gini suka tsaya cak, daga baya har gudun mota a manyan hanyoyi aka rage zuwa kilomita 100 da rana. Sai wani ɗan majalisa na jam'iyyar D66, Tjeerd de Groot, ya ce a rage dabbobin ƙasar da rabi. Ranar 1 ga Oktoba manoma suka hau taraktoci suka nufi Heg, cunkoson ranar ya wuce kilomita dubu in an haɗa hanyoyin. A cikin wannan ƙura aka yanke wa jam'iyyarki cibiya.

Nan zan ɗan ratse. Muna yara, da rani, mahaifinmu yakan tura mu birni da jakuna da mangaloli, mu ɗebo toka da shara da kashin awaki mu kai gona, mu jera su tsibi-tsibi kafin ruwan shuka. Bayan girbi kuma, Bafillacen da ya yarda ya kwana da garkensa a gonarmu har dami ake ba shi na dawa, ana yi masa godiya. Ranar da na fara karanta cewa manomin Holan kuɗi yake biya a zo a raba shi da taki, sai da na maimaita layin. Abin da muke nema da jaki a rana shi ya zame muku annoba. Da na bi diddigi sai na ga dalili, kuma dalilin kowane malamin gona zai gane shi. Dabbobinku ba a kan ƙasarku kaɗai suke rayuwa ba. Waken suya daga Barazil da Amurka yake shigowa tashar Rotadam jirgi-jirgi. Ƙarfin ƙasar wani ne ake kwasowa a zuba wa dabba, kashin kuma a Holan yake faɗuwa, ba jirgin da ke mayar da shi. Babu alƙalin da ya ƙirƙiri wannan lissafi, babu kuma ƙuri'ar da za ta soke shi.

Duk da haka, abin da kika yi daidai zan faɗe shi. A watan Yunin 2022 minista Christianne van der Wal ta fitar da taswira, manomi ya wayi gari ya ga an shafa wa yankinsa launi, an rubuta kashi 70 kusa da wuraren da aka keɓe, a cikinsu kuma har kashi 95, na abin da za a rage. Ba wanda ya zauna da shi a kan tabarma. Na san wannan irin aiki, domin ni ma an sha ba ni takarda daga ofis in kai wa mutanen da suka fi mai rubuta ta sanin gonarsu. Manomanku suka juya tutar ƙasa, shuɗi a sama ja a ƙasa, suka ɗaura jan hankici a motoci. Ke kuma kika gane cewa fushin ya wuce maganar taki. Mutumin ƙauyen da aka janye masa bas, aka rufe masa makaranta, aka nesanta masa asibiti, da mutumin Groningen da haƙar gas ta tsattsaga masa bango aka yi ta yi masa yawo da hankali kan diyya, duk sun ji muryarsu a bakinki, don kina magana irin ta mutane. Ranar 15 ga Maris 2023 jam'iyyar da take da kujera ɗaya ta zo ta ɗaya a zaɓen dukan larduna 12, daga baya kuma ta sami kujeru 16 cikin 75 na majalisar dattawa. Na yi murna kamar ƙanwata ce ta ci.

To, sai me ya biyo baya?

A Nuwamban 2023 kuka sami kujeru 7 a majalisar wakilai. Ranar 2 ga Yuli 2024 kuka shiga gwamnatin Dick Schoof tare da jam'iyyar Geert Wilders da wasu biyu, aka ba 'yar jam'iyyarki, Femke Wiersma, ma'aikatar noma. Wato tarakta ta shiga har cikin ofis. Gwamnatin baya ta ware asusu na Yuro biliyan 24 da 'yan kai don sauya fasalin noma da karkara. Kuka soke shi, aka bar biliyan 5. Na fahimci dalili, kun ɗauke shi kuɗin likkafani ne, na saye manoma a rufe gonakinsu. Amma wa'adin kotu bai tafi tare da asusun ba. Ranar 22 ga Janairu 2025 kotun Heg, a ƙarar da ƙungiyar Greenpeace ta shigar, ta umarci gwamnati ta cika ƙa'idar da doka ta sa wa shekarar 2030, ko ta biya tarar Yuro miliyan 10. Rangwamen da Tarayyar Turai take yi wa makiyayanku na zuba taki fiye da kilo 170 na naitirojin a hekta, wanda aka fara janyewa a 2023, har gwamnatin ta faɗi ba ku dawo da shi ba. Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne manoman nan sama da dubu biyu da suka bi tsohon tsarin sau da ƙafa, suka kai rahoto kamar yadda aka ce su yi, hukuncin 2019 ya mayar da su marasa lasisi ba da laifinsu ba. Banki ba ya ba su bashi, ɗa ba ya iya karɓar gona a hannun uba da kwanciyar hankali. Kun zo kun same su a rana, kun tafi kun bar mafi yawansu a rana. Ranar 3 ga Yuni 2025 Wilders ya janye jam'iyyarsa a kan maganar 'yan gudun hijira, rumfa ta faɗi. Ranar 29 ga Oktoba aka sake zaɓe, kujeru 7 suka koma 4.

Ranki ya daɗe, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A 1950 Holan tana da gonaki sama da dubu 400. A 2000 ba su kai dubu 100 ba. Yau wajen dubu 50 suka rage. Ki dubi shekarun. Kafin kotu ta buɗe baki a 2019, kafin a zana taswirar 2022, an riga an cinye mafi yawan manoman ƙasarki. Wa ya cinye su? Bayan yunwar hunturun 1944 zuwa 1945, wadda ta kashe mutum wajen dubu 20, ƙasarku ta ɗaura niyyar ba za ta sake kwana da yunwa ba. Sicco Mansholt, manomi ne shi ma, ya riƙe ma'aikatar noma daga 1945 zuwa 1958, sannan ya riƙe ta Turai gaba ɗaya. Darasin da aka koya wa manomi ɗaya ne, ka faɗaɗa ko ka ba da wuri. Malamin gona ya faɗa masa haka, bankin Rabobank ya ba shi bashin gina babban garke, mai sayar da abincin dabbobi ya yi masa lissafi, kantuna 'yan ƙalilan da suke riƙe da kasuwar abinci suka yanka masa farashi. Wanda ya ƙi cin bashi ya sayar wa maƙwabci. Wanda ya ci kuma dole ya ƙara shanu don ya biya, ƙarin shanun ya ƙara taki, takin ya kai shi gaban alƙali. Shi kansa Mansholt a ƙarshen aikinsa ya juya wa wannan tafarki baya.

Tun 2021 nake sauraron jam'iyyarki. Na ji zafinta a kan alƙalai, da masu auna iska, da 'yan rajin kare muhalli, da ma'aikatan Tarayyar Turai. Ban ji rabin wannan zafin a kan wanda ke yanka farashin madara ba, ko wanda ke riƙe da takardar bashi. Mu a nan cewa muke an bar jaki ana dukan taiki. Ban ce an saye ki ba, Allah ya kiyaye ni da ƙazafi. Amma sananne ne cewa abokan da kuka kafa jam'iyyar tare, Wim Groot Koerkamp da Henk Vermeer, daga kamfanin ReMarkAble suka fito, mai yi wa manyan kamfanonin noma talla, kuma manyan masu sayar da abincin dabbobi sun sa kuɗi a zanga-zangar taraktoci. Mai sayar da dusa yawan shanu yake so, ko mutum goma ne suka mallake su. Manomi kuwa so yake ɗansa ya gaje shi. A ranar zanga-zanga hanyarsu ɗaya, amma ba masauki ɗaya suka nufa ba. Idan kika ce ba za a rage ko saniya ɗaya ba, adadin shanun kika kare. Masu su za su ci gaba da raguwa kamar yadda suke yi tun zamanin kakanninki, sai dai yanzu ba asusun da zai tallafi mai son ya rage garke ya zauna a gonarsa.

Ba ke ce farau ba, kin fi ni sani. A watan Maris na 1963 aka fitar da wasu iyalai daga gonakinsu a Hollandscheveld, a lardin Drenthe, saboda sun ƙi biyan kuɗin da hukumar noma ta ɗora musu. Mutanen ƙasa suka ga hotunan 'yan sanda a kan dusar ƙanƙara, ransu ya ɓaci. Bayan wata biyu jam'iyyar manoma ta Hendrik Koekoek ta ci kujeru 3. A 1967 ta ci 7, daidai adadin da kika samu a 2023. Daga nan ta zama matattarar duk mai jin haushin wani abu, na birni da na ƙauye, rigingimun cikin gida suka yayyaga ta, a 1981 ta fita daga majalisa ba ta sake komawa ba. Ƙuri'ar fushi baƙuwa ce, duk inda ta ji an fi ɗaga murya can take kwana.

Shi ya sa na yi mamakin ganin jam'iyyarki tana rige-rige da Wilders a kan korar baƙi. A wannan kasuwa ya riga ki kafa rumfa, mai neman irin kayan kuwa wurinsa zai je. Kuma wa ke tsinkar tumatir a gidajen gilashi na Westland, wa ke fiɗa a mayankanku, in ba 'yan Folan da Romaniya da Bulgeriya ba? Noman ƙasarki a kan bayan baƙo yake tafiya.

Yanzu bari in zo inda takalmin ya matse mu. A farkon Afrilun 2015 Tarayyar Turai ta cire iyakar madarar da kowace ƙasa za ta tatsa. Makiyayanku suka ƙara shanu har takin ya haura ƙa'ida, a 2017 aka tilasta musu ragewa. Rarar madarar Turai kuwa ba ta ɓace ba. Ana cire mata mai a yi man shanu a sayar da tsada, a mayar da gurbinsa da tataccen man kwakwar manja, a busar, a ɗura a buhu mai kilo 25. A kan iyakar ƙasashen ECOWAS harajin irin wannan buhu kashi 5 ne cikin ɗari. Ba Holan kaɗai ke turowa ba, Ailan, ƙasar mahaifiyarki, tana kan gaba. Da wannan gari ake yin yawancin yogot ɗin da ake sayarwa a Kano da Maraɗi da Yamai. Bafillatanar da ta tatsi saniyarta da asuba, ta ɗauko ƙwarya ta yi tafiyar awa biyu, da wannan buhu take gogayya, ba ta kuma san sunan ƙasar da ya fito ba. Manomin albasa na Galmi shi ma yana cin karo da albasarku a kasuwar Abijan.

Ba zan ɗora muku laifin da yake namu ba. Saniyarmu lita ɗaya ko biyu take bayarwa a rana, taku ta haura ashirin. Ba mu da hanya, ba mu da wutar sanyaya nono, mun cinye burtali da gonaki, 'yan bindiga sun kore garke daga dazuzzuka da yawa. Ba don garin madarar ba, yara da dama ba za su ɗanɗana madara ba sam. Kamfanin FrieslandCampina, wanda ƙungiyar makiyayanku ce ta mallake shi, ya fi shekara goma yana sayen nono a hannun Fulani a Jihar Oyo, kuma a Nijar akwai wuraren tattara nono a Hamdallaye da Kollo da suke ta ƙoƙari. Amma ki duba yadda zaren ya ƙulle. Tsarin da yake shaƙe ƙaramin makiyayi a Drenthe da bashi shi ne yake haifar da rarar da take karya farashi a rugar Sahel. Jaki ɗaya ne ya shure ku ya shure mu. Kuma mutanen ƙasarki sun taɓa gane haka. A 1993 ƙungiyar Novib ta Holan tana cikin waɗanda suka tayar da ƙura a kan daskararren naman shanun Turai mai tallafi da ake jibgewa a kasuwannin gaɓar tekunmu, har aka rage tallafin, shanun Sahel suka ɗan sami kasuwa.

Mu ma mun taɓa yin jam'iyyar da ta tsaya wa mutumin ƙauye, ko da ba ta kira kanta ta manoma ba. NEPU ta Malam Aminu Kano ta sha ɗauri da bulala tun daga 1950. Da magajiyarta PRP ta karɓi Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Jam'iyyar ta dare gida biyu, aka tsige Balarabe a 1981, soja suka rufe babin a ƙarshen 1983. Amma har yau ka zauna da dattijo a ƙauye zai gaya maka shekarar da ya daina ɓuya a rumbu in ya ji dogarai. Abu ɗaya ne, sai dai abu ne da mutum ya ji a jikinsa. Idan aka tambayi makiyayin lardin Overijssel me ya ji a jikinsa daga shekarar da jam'iyyarsa ta riƙe ma'aikatar noma, ina tsoron shiru zai yi, ko ya ce an ɗage wa'adi.

Har yanzu ba a makara ba. Kuna da kujeru a majalisar dattawa, kuna da baki a larduna, kuma kujeru 4 da kuka ci a 2025 sun ninka wadda kika fara da ita sau huɗu. Ina roƙonki ki gaya wa mutanenki gaskiyar da suka riga suka sani a zuci, cewa dabbobi za su ragu, ko da yardarsu ko da hukuncin kotu. Faɗan da ya rage shi ne wa zai ɗauki asarar. Ki tsaya kai da fata kada a ɗora ta a kan mai shanu saba'in, alhali banki da kanti da mai dusa da suka ci ribar faɗaɗawa suna gefe suna kallo. Ki nemo wa waɗancan marasa lasisin takardarsu kafin komai. Sannan wata rana, in an ba ki minti biyu a zauren majalisa, ki tambayi ministan ciniki inda buhunan garin madara suke sauka, da wanda suke sauka a kansa. Za a ce ba ruwan jam'iyyar manoman Holan da makiyayin Afirka. Ki ce musu sunan jam'iyyar bai ware wani manomi ba.

A watan Maris na 2027 za a sake zaɓen larduna, inda kika yi abin mamakinki. Zan kasa kunne in Allah ya kai mu. In kuma wata rana hanya ta biyo da ke Kano, ki neme ni ta hannun jaridar nan. Zan kai ki gonar mahaifina ki ga yadda ake rigima a kan mangalar taki, mu tsaya a bakin kasuwa in saya miki fura. Nonon da za a dama miki ita da shi ne ba zan iya rantse miki cewa daga saniyar nan ya fito ba.

Ki huta lafiya.

Naki,
Wani tsohon malamin gona,
Kano.